Kingir ɗin Tudun Soja

Tun ranar da mijina Fayak ya shigo da buhun nan na sha jinin jikina. Ya dire shi a tsakar gida yana washe baki, ya kwance, sai ga kingir, tsiron dutsen nan mai ƙaya da muke ci, fari fat, kowanne kaurin hannun jariri, ƙayarsa ko gama fitowa ba ta yi ba. Ni a duwatsun nan aka haife ni, tun ban iya ɗaura ɗankwali ba nake bin mata haƙar kingir in dusar ƙanƙara ta narke. Na san irin wanda ake samu yanzu a gangaren da kowa ke bi: siriri kamar yatsa, rabinsa ƙasa rabinsa ƙaya, sai ki wuni a sunkuye ba ki cika kwano ba. Mai ƙiba irin wannan wuri ɗaya ya rage masa a yankinmu, wato Tudun Soja, inda ba wanda ya kai wuƙa tun yaƙin Iran, saboda nakiyoyin da sojoji suka binne suka tafi suka bar mana gado.

"Baban Hiwa, ina ka samo wannan?"

"Wajen Kak Sabir mana, a kasuwar Penjwen. Daga tsallaken iyaka ake kawo masa."

Buhun yake duba da ya faɗi haka, ba ni ba. Na daɗe da auren mutumin nan, in zai yi ƙarya sai ya ƙirƙiro wa hannunsa aiki. Ran nan igiyar buhu ce ta sha naɗi da warwara.

Abin da ya kawo maganar kingir gidanmu shi ne Pura Piroz. Mahaifiyarsa ce, ni kuma goggona ce, yayar babana, shi ya sa nake ce mata Pura, wato goggo, tun kafin ta zama surukata. Tun saukar dusar farko ta kwanta. Ga ciwon suga, ga kumburin ƙafa, ga abinci ya fita ranta. In na kai mata sai ta tsakuri loma biyu don kunyata ta ture. Ƙwayoyin likita tana sha, amma da ganin yadda take haɗiyarsu kin san ba ta ɗauke su a bakin komai ba. Ita a wurinta ciwon ɗaya ne, jinin hunturu. Mutum ya yi watanni a ɗaki yana cin naman da aka adana cikin kitse, da alkama, da shayi mai zaƙi, dole jininsa ya yi kauri ya yi baƙi. Maganinsa kuwa Allah da kanSa yake fito da shi bayan Nauroz, bikinmu na ƙarewar sanyi: a ci ganye mai ɗaci, a ci kingir, a bi da rewas, ɗanyen karan dutsen nan mai tsami, jiki ya wanku. Ban taɓa yi mata musu ba, don ni ma haka na yarda, kuma har gobe a kan haka nake.

Da ganye ya fara tsirowa, Fayak ya sayo mata kingir na kasuwa. Na cire ƙaya, na tafasa, na soya da ƙwai da albasa. Ta ɗanɗana, ta daɗe tana taunawa.

"Allah Ya yi maka albarka, ɗana," ta ce. "Sai dai wannan ba shi da rai. Kayya, ina ma na Kani Spi."

Kani Spi shi ne sunan Tudun Soja kafin yaƙi, can ta yi tata haƙar tana amarya. Magana ce irin ta tsofaffi, ta faɗa ta juya ta yi barcinta. Fayak kuwa ya tasa farantin a gaba yana kallo har ƙwan ya sandare. Bayan 'yan kwanaki sai ga buhu.

Ba zan ɓoye ba, kingir ɗin ya yi aiki. Ranar farko Pura ta share farantinta tas. Washegari ta ce a zuba mata shi cikin kindirmo da tafarnuwa. Ba a jima ba ta ce a fito da ita rana, ta zauna jingine da bango tana gaya mini ban iya shara ba, kuma duk wanda ya san Pura ya san in ta fara kushe sharar mutum to lafiya ta samu. Matan unguwa suka riƙa shigowa dubiya suna sa wa Fayak albarka, wai irinsa ake fatan a haifa. Ni ina gefe ina zuba shayi. Duk matar da ta leƙa kwanon nan ta ga kaurin abin da ke ciki sai ta ɗauko zancen tsadar man girki. Ba wadda ta tambaya, kuma dukansu a dutsen nan suka girma kamar ni.

Sai na sa masa ido. Fayak tukwanen gas yake rarrabawa ƙauyuka da tsohuwar a-kori-kura, aikin da ba ya farawa sai rana ta ɗaga, amma yanzu da an idar da asuba ya fice. Ya dawo wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa, alhali ban taɓa jin an ce ciyawa ta tsiro a kasuwar Penjwen ba. Yatsunsa duk sukar ƙaya. Na ce masa, "Kak Sabir da ƙayar yake sayar maka, ko kyauta yake ƙara maka ita?" Ya ce ai zaɓa yake yi da hannunsa. Amsa dai ba ya rasawa.

Waɗannan duk da sauƙi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wata safiya da ya kira ni bayan gida wai in zo ya koya mini tayar da injin ruwa. Mutumin da tun da aka kafa injin nan ko taɓa shi ba ya bari in yi, wai zan lalata.

"Yau kuma me ya faru?" na ce.

"Ba komai. Ya kamata dai ki iya."

"Don me? Tafiya za ka yi?"

"Ke Nashmil, ja igiyar nan ki bar surutu."

Na ja igiya, inji ya tashi. Na kuma lura kullum kafin ya fita sai ya shiga ɗakin Pura ya sumbaci hannunta ya ɗora a goshinsa, abin da a da sai ranar Idi yake yi.

Ranar kasuwa na ce zan je sayen zare, na bi motar haya zuwa Penjwen. Kak Sabir yana inda yake kullum, ƙarƙashin rumfar leda, ya miƙe ƙafar robarsa a kan akwati. A Tudun Soja ya bar ta gasken tun yana saurayi, garin bin wata saniya da ta ɓalle.

"A'a, Nashmil Khan! Yau wace iska ce ta kaɗo ki? Ya jikin Pura Piroz?"

"Da sauƙi, Kak Sabir, albarkacin kingir ɗinka."

"To, to, madalla." Ya shiga gyara tulin ganyen da ba abin da ya same shi. Na ce a raina, ashe duk mazan garin nan malaminsu ɗaya.

"Irin wanda kake ba Baban Hiwa nake so. Na tsallaken iyaka."

"Ai ya ƙare."

"Kullum kafin mata su iso yake ƙarewa?"

"Mijinki ne da sammako, ya fi zakara."

Na ɗauki ɗaya daga cikin nasa na ɗaga, wani ƙanjamamme da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. "Kak Sabir, dube ni. Ka rantse da Alƙur'ani a wurinka yake saya."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "'Yar'uwa, ni mai sayar da ganye ne, kada ki sa ni rantsuwa da safiyar nan. Tsakanin miji da mata ba na shiga."

Na ajiye masa abinsa na juya. Har na yi gaba ya kira ni, ya yi ƙasa da murya.

"Bana ruwa ya yi yawa, Nashmil Khan. Ƙasa ta zame a wurare da dama. Abin da yake sama bara, bana yana ƙasa. In kin san wani mai ganin ya san wuri, ki gaya masa wurin ya tashi daga inda ya san shi."

Ban sayi zaren ba. A mota wata mata ta yi ta ba ni labarin bikin 'yarta, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Na same shi a bayan gida yana wanke mota. Na tsaya nesa da tagar Pura yadda ba za ta ji ba.

"Daga wurin Kak Sabir nake."

Bai ɗago ba. "Ya ce miki me?"

"Ya rufa maka asiri, abokin kirki ne. Kai nake so ka rantse. Ka ce, da ran Daye, ban taka Tudun Soja ba."

Daye yake ce wa mahaifiyarsa, kuma na san ko wuƙa aka ɗora masa a wuya ba zai yi ƙarya da ranta ba. Ya matse tsumma, ya sake matsewa, ruwan da babu.

"Akwai hanya," ya ce.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Ki rage murya! Na ce miki akwai hanya. Tun ina yaro na san tudun nan, kafin a binne komai. Na san inda suka sa, na san inda ba su sa ba. Kamar tafin hannuna."

"Kai ka riƙe musu fitila da suna binnewa?"

"Nashmil, ki dubi Daye. Wata nawa tana kwance? Jiya da kanta ta taka har bakin ƙofa. Likitan Sulaimaniya da duk ƙwayoyinsa bai tashe ta ba. So kike in zauna ina kallonta tana narkewa saboda tsoro?"

"To in ka tashi sama, wa zai gaya mata? Ni? In shiga in ce Pura, ga kingir, ga kuma abin da aka tsinto na ɗanki?"

Ya yi jifa da tsumman. Ya ce bakina ba shi da linzami, na ce gara bakina da ƙafarsa. Na ce yanzu zan shiga in faɗa mata komai. Nan ya riƙe mini hannu, idonsa ya kaɗa.

"In kika gaya mata, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ke kin sani. Na yi miki alkawari, wannan buhun ne na ƙarshe. Ai kingir ma ya kusa tsufa."

Na yarda, ko in ce na yi kamar na yarda. Amma daga ranar sai zargina ya koma kan tsohuwar. Matar da ta gane na kasuwa da loma ɗaya, a ce ba ta gane na Kani Spi ba? Na kai mata abinci na zauna ina karantar fuskarta.

"Pura, wannan na Iran ɗin ya yi daɗi ko?"

"Ya yi," ta ce, tana kallon bango.

"Kamar na ƙasarmu."

"Ƙasar Allah duk ɗaya ce, 'yata. Miƙo mini gishiri."

Wallahi a lokacin na ji haushinta har wuya. Matar da ta goya ni, wadda nake juyawa a shimfiɗa da hannuna, na dube ta na ce a zuci, wato kin sani kike ci. Kin zaɓi harshenki a kan ƙafar ɗanki. Ina zuba mata ina jin kamar in kifar da kwanon. Wani lokacin kuma in ga yadda hannunta ke rawa in ta ɗauki cokali, sai in ce a'a, tsufa ne, ba ta sani ba, ni ce mai mugun zato. Haka na yi ta kai da kawo ni kaɗai.

Alkawarin Fayak bai yi tsawon rai ba. Wata maƙwabciyarmu, Allah Ya shirye ta, ta shigo dubiya ta ce ai yanzu lokacin rewas ne, kuma ba abin da ke karya suga irinsa, musamman na saman dutse mai jan gindi. Pura ta kau da kai ta dubi bango. Amma na ga Fayak ya ajiye kofin shayinsa a hankali, na san an gama. Rewas ba ya fitowa a gindin tudu inda kingir yake. Sai an hau can sama, kusa da tsofaffin ramukan sojoji.

Na ɓoye wuƙar haƙarsa cikin buhun gari. Ya neme ta bai tambaye ni ba, na gan shi yana wasa wani guntun ƙarfe a kan dutse. Na ce zan kira ɗanmu Hiwa daga Sulaimaniya, ya ce in na kira shi, yaron ne zai ce shi zai hau a madadinsa, in zaɓa. Na rasa ta inda zan ɓullo masa. Mutum ne mai sanyin hali, sai dai in ya kafe ko jaki ya san ya fi shi sauƙi.

Washegari da ya dawo daga masallaci ya buɗe mota, ya tarar da ni zaune a gaba, na ci ɗamara, da buhuna a cinya.

"Ina za ki?"

"Tsinkar rewas. Hannuna ya fi naka sauri, mu gama da wuri ka tafi aikinka."

"Sauka."

"Ba ka ce akwai hanya ba? Hanyar da ta ɗauki namiji ai za ta ɗauki mace. Na ma fi ka rashin nauyi."

"Nashmil, ba na son wasa."

"To sai ka ɗauke ni ka sauke, in yi ihu Pura ta tambayi dalili."

Ya tsaya yana huci, can ya shiga ya ja ƙofa da ƙarfi. Na san lissafinsa. Yana ganin da na hango jan allon gargaɗin nakiya mai hoton ƙoƙon kai zan tsure in zauna a mota. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban san me zan yi ba. Abu ɗaya na sani, na gaji da zaman jiran ƙara daga dutse ina wanke kwanuka.

Muka bar mota a ƙarshen hanya muka taka. Rana ta fara fitowa. Ban taɓa zuwa kusa da Tudun Soja haka ba tun ina yarinya, kuma abin da ya ba ni haushi shi ne kyansa. Ciyawa har gwiwa, kore shar, furanni ja da rawaya ko'ina, kingir ya yi tsiri-tsiri ba mai taɓawa, ruwa na gangarowa ta tsakanin duwatsu. Wayar da aka kewaye wurin da ita ta daɗe da faɗuwa. Allon kansa ya karkace, ya yi tsatsa, wani ma ya harbe shi da bindiga don wasa.

"To kin gani," Fayak ya ce. "Zauna nan a kan dutsen nan. Yanzu zan dawo."

Ya sunkuya yana ɗaure bakin wandonsa. Na duba gabana, sai na ga wani ɗan layi a cikin ciyawa inda ta kwanta, ya miƙe ya yi sama. Na ce to ga hanyar tasa. Ban tsaya shawara da zuciyata ba, don na san in na tsaya ba zan iya ba. Na ɗaga ƙafa na tsallake wayar na bi layin.

Na ɗan yi nisa kafin ya ɗago. Ƙarar da ya yi ban taɓa jin irinta daga bakin ɗan Adam ba.

"Tsaya! Nashmil, tsaya! Kada ki motsa!"

Na tsaya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Na waiwayo da kaina kawai. "Me ya faru? Ba hanyar ba ce?"

"Ba hanya ba ce! Ruwa ne ya bi ta nan!"

Maganar Kak Sabir ta faɗo mini. Amma na riga na shigo, kuma abin da ya kawo ni bai ƙare ba.

"To ina hanyar? Faɗa mini inda zan taka. Dama ko hagu?"

Fuskarsa ta koma kamar toka.

"Baban Hiwa, kai nake jira. Ka ce kamar tafin hannunka. Dama ko hagu?"

"Babu," ya ce.

"Ban ji ba."

"Babu hanya! Wallahi babu! Ban san komai ba. Bismillah kawai nake yi in taka kan duwatsu. Don Allah, don Annabi, kada ki ɗaga ƙafarki."

Abin da na zo ji ke nan, amma ban so jin sa ba. Ashe can cikin raina na ɗan yarda da hanyar nan. Na dubi ƙasa. Ban ga komai ba sai ciyawa da raɓa da wani ƙwaro yana hawan ganye. Kusa da ƙafata ta gaba akwai wani siririn abu mai tsatsa da ya ratsa cikin ciyawa ya ɓace. Ko guntun wayar shinge ne, ko irin zaren da ake ɗaura wa nakiya ne, har yau ban sani ba.

Ya ɗaga ƙafa zai tsallako. Na ce, "In ka shigo, wallahi gaba zan yi." Ya mayar da ƙafarsa. Ya durƙusa a bakin wayar, ƙaton mutum mai furfura, yana kuka da majina.

"To ki dawo da baya. Kada ki juya. Sawunki yana nan a laka, ina ganinsa. Zan gaya miki."

Haka muka yi. Na ɗaga ƙafar gaba kamar mai ɗauke ta daga kan ƙwai, na mayar baya, yana cewa ƙara kaɗan, yi hagu, a'a ya yi yawa, sauke. Wani wurin sawun ya fito sarai. Wani wurin ciyawar ta riga ta miƙe ta rufe, sai ya tsaya yana leƙe, ni kuma ina tsaye da ƙafa ɗaya a sama ina karanto duk abin da ya zo bakina. Tafiyar da na yi cikin ƙiftawar ido, dawowarta sai da rana ta haskake tudun gaba ɗaya. Da dugadugina ya taɓa wayar, ya fizgo ni muka zube tare a kan tsakuwa.

Na so in zage shi, na tanadi zagi iri-iri tun daga gida, amma ba wanda ya fito. Amai ne ya zo. Ya riƙe mini kai har na gama, ya goge mini baki da rawaninsa.

"Kullum haka kike ji in na fita?" ya ce.

"Kullum."

Ya ɗauki guntun ƙarfen nan da ya wasa, ya dube shi, ya ajiye a kan dutse, muka gangara.

Muka tarar da Pura zaune a tsakar gida. Da kanta ta fito, ta ɗora shayi a wuta, abin da rabonta da yi tun kafin sanyi. Ta dube mu mu biyu, ta dubi buhunan da ba komai a ciki. Fayak ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ni kuwa na gama da ɓoye-ɓoye, zuciyarta ta ɗauka ko kada ta ɗauka.

"Pura, daga Kani Spi muke. Duk abin da kika ci, can ɗanki yake haƙowa. Yau ni na shiga."

Na zuba mata ido, don so nake in gani ko za ta yi mamaki. Ba ta yi ba.

"Tun lomar farko na gane," ta ce.

"Kika yi shiru?"

"Na ji tsoron tambaya, 'yata. Na ce in na tambaya ya ce e, ya zan yi? Na san halinsa, hana shi ba ya hanuwa. Sai na ce bari in ci da yawa, in tashi da wuri, ya ga na warke ya bari. Ina turawa ne kamar ina haɗiyar tsakuwa. Jiya da matar nan ta ambaci rewas, na ce yau ko da rarrafe sai na fito na dafa shayi, ya dawo ya ga ba na bukatar komai." Ta share ido da gefen mayafinta. "Ashe na makara, kun riga kun fita."

Duk haushin da na tara mata ya narke, kunya ta rufe ni. Na buɗe baki zan yi magana ta ɗaga mini hannu.

"Zo nan. Zauna. Miƙo ƙafarki."

Na zauna a gabanta. Ta cire mini takalma da hannunta, ta ɗora ƙafafuna a cinyarta da lakarsu da komai, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana matsawa, kamar yadda ake duba jaririn da aka haifa yanzu. Ta daɗe a haka. Ba ta dubi inda ɗanta yake ba, shi ma bai motsa daga bakin ƙofa ba.

Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kai ma kawo naka."

Fayak ya tako ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya cire takalmansa, ya miƙa. Ta haɗa ƙafafun nan huɗu ta rungume a ƙirjinta, ta kifa kanta a kansu. Shayi ya tafaso yana zuba a wuta, ba wanda ya tashi ya sauke.